Mutari Tela da Ƙuri'ar "To"

A layin da ke bayan kasuwar Magaria, idan ka wuce masu gyaran amalanke, akwai wani shago mai ƙofar langa-langa da aka taɓa shafa wa shuɗin fenti. Nan Mutari tela yake zama tun gashinsa yana baƙi ƙirin, yanzu kuwa furfura ta ci rabin gemun. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Bande. Ya yi lekol, wato boko, har aji uku na kwaleji, mahaifinsa ya rasu, ya ajiye alƙalami da kaye, wato littafin rubutu, ya kama allura. Ɗinkinsa ba laifi. Alƙawarinsa dai irin na teloli ne, in ya ce maka Laraba, ka zo Asabar ka tarar yanzu yake yanka. Amma ba ɗinki ne ya kai sunansa har Dungass ba. An san shi ne saboda ƙasa guda da yake riƙe da ita a cikin wayar salula.

Sunan ƙasar Jamhuriyar Rijiya Bakwai. Ba ta cikin taswirar kowa sai ta Mutari, wadda ya zana a bayan takardar buhun siminti ya manna a bango, daidai saman keken ɗinkinsa. Garuruwa bakwai gare ta, kowanne da rijiyarsa, da gada ɗaya da kullum take shirin karyewa, da majalisa, da shugaban ƙasa da ake zaɓa duk wata huɗu. Duk wannan mulki a cikin gurup ɗin WhatsApp ake yin sa, wasa ne, kuma kowa ya san wasa ne, sai dai in ka ji yadda ake tada jijiyar wuya a ciki ka rantse albashi ake biya.

Asalin abin daga fadar shayin ƙofar shagonsa ne. Shekara biyar da suka wuce gardamar siyasa ta gaske ta raba masa abokai biyu, har suka daina gaisawa a masallaci. Abin ya dami Mutari ƙwarai, don shi mutum ne mai son gardama kamar me, amma ba ya son a tashi da gaba. Ga kuma 'yan fadar suna ta watsewa, wannan ya tafi Kano, wancan ya tafi ci-rani Aljeriya. Sai ya buɗe gurup, ya ce ga ƙasa nan ya ba su, su yi ta faɗa a kanta iya son ransu. Doka ta farko da ya rubuta a kayensa ita ce ba a ambatar sunan ɗan siyasa na gaske ko jam'iyya ta gaske. Wanda ya ambata, a fitar da shi kwana uku ya je ya huce.

Jam'iyyu biyu suka fara fitowa. Ta Gero, yawancinta manoman Yekuwa da Guci da Bande ne. Ta Gyaɗa kuma 'yan kasuwa da mushen lekol, wato malaman makaranta, da ma'aikatan biro, wato ofis. Daga baya aka samu ta Wake, mutum uku kacal, ba ta taɓa cin zaɓe ba, ba a kuma taɓa kafa gwamnati ba ta ciki ba. Shi Mutari ba ya jam'iyya, ba ya tsayawa takara. Shi ne mai kaye. Shi ke karɓar ƙuduri, ya sa ranar muhawara, ya ƙirga ƙuri'a, ya sanar. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai ɗauko gwangwanin madara cike da maɓallai, ya girgiza a gaban kyamara ya zaro ɗaya, launin maɓallin ne zai nuna masifar da gwamnati za ta kwana da ita a makon.

Kullum cikin gyaran wasan yake, kamar rigar da mai ita bai daina ƙiba ba. Da farko jan maɓalli yana nufin fari, fari kuma ruwan sama. Sai wani malami daga Guci, Sharifu, ya aiko da magana cewa ruwa da fari na Allah ne, bai ga dalilin da tela zai riƙa zaro su daga gwangwani ba. Mutari ya ga gaskiyarsa, ya mayar da maɓallan kan ɓarnar 'yan Adam kawai: famfo ya lalace, shanu sun shiga gona, mushe ya gudu ya bar aji. Da aka fara cika gurup da hotunan barka da Juma'a har ƙuduri yana ɓacewa, ya ware musu awa guda da safe. Da mata biyu suka nemi shiga, wata nas a Dungass da wata mai sayar da atamfa, ya sa aka yi muhawara kwana biyu, aka shigar da su, nas ɗin ma ta riƙe ministar rijiyoyi ta gigita kowa. Mutane suka kai hamsin da takwas. Yana taka keke, waya tana jingine da kwalbar man keke, muryoyi suna ta fita daga Maigatari, daga Tamanraset, daga gonar wani a Yekuwa. In ka gan shi a lokacin ka ga mutumin da ba ya neman komai a wurin kowa.

Abu ɗaya ne yake ci masa tuwo a ƙwarya, shi ne ranar ƙuri'a. 'Yan gurup iri biyu ne, masu rubutu da masu bokal, wato masu danna waya su yi magana. Mai rubutu zai sa "eh" ko "wi" ya wuce. Mai bokal kuwa sai ya yi sallama, ya tambayi iyali da aiki da gajiya, ya ba da labarin ruwan jiya, ya gaida shugaba da 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, a minti na huɗu ya ce, "Dangane da maganar nan kuwa, ai kowa ya san inda muka tsaya." Mutari ya saurara sau biyu bai gano inda aka tsaya ba. Wata ƙuri'ar sai ta ci masa yini biyu. Ranar da wata mata ta zo karɓar kayan suna ta tarar ko hannu bai sa ba, ta wanke shi tas a gaban mutane, ya ce ya isa haka.

A ranar, ba tare da ya shawarci kowa ba, ya sanar da sabuwar doka: daga yau ƙuri'a a rubuce take, kalma ɗaya, ba bokal. Ya ji daɗin dabarar nan har ya ƙara wa kansa shayi.

A lokacin shugaban ƙasa Malam Usaini ne na jam'iyyar Gero, wani manomi daga ƙauyen Yekuwa, dattijo mai kaifin baki da ya girmi Mutari da 'yan shekaru, wanda tun kafin a san salula Mutari yake ɗinka masa rigar salla. Bai yi boko ba, amma in ya ɗauki bokal ko 'yan Gyaɗa sai sun saurara har ƙarshe don daɗin magana. Shi ne gishirin wasan. Sai ga madugun 'yan Gyaɗa, Abdulrazak, wani ma'aikacin biro mai son ƙa'ida, ya kawo ƙudurin tsige shi, wai ya kai sabon famfo garinsu na cikin taswira ya bar gada tana rawa. Wannan ƙuduri shi ne na farko da ya faɗa ƙarƙashin sabuwar doka.

Amsoshi suka shigo fes, gajeru, abin sha'awa. Cikin rabin awa Mutari ya gama ƙirga. Masu "eh" da "wi" goma sha bakwai. Masu "a'a" goma sha biyu. Sai mutum ashirin da ɗaya, kusan duk 'yan Gero, da suka rubuta harafi biyu: "To." Mutari bai ko tsaya ba. In ka ce wa mutum ga abu ya ce to, ai ya yarda ke nan. Ya zuba su cikin masu eh, ya sanar cewa an tsige shugaba da ƙuri'a talatin da takwas. Da ya ga shi kansa Malam Usaini "To" ya rubuta, sai abin ya burge shi, ya ƙara da jawabi na musamman, yana yaba wa dattijon da ya jefa ƙuri'ar sauke kansa don kishin ƙasa, ya ce tarihi ba zai manta da shi ba.

Ba wanda ya yi gardama. Wannan ya kamata ya tsorata shi, don a Rijiya Bakwai ko ranar kasuwa aka canza sai an kwana uku ana musu. Washegari ba bokal ko ɗaya daga Yekuwa. Mutari ya ce damina ce, mutane suna gona. Kwana uku, ya ce rezo ne, wayoyinsu ba sa kamawa. Ranar Juma'a ya girgiza gwangwani ya zaro baƙin maɓalli, gada ta karye, amma ba wanda ya zagi gwamnati. Abdulrazak da mutanensa suka yi ta rubuta dogayen bayanai masu lamba ɗaya, lamba biyu, suna amsa wa junansu da "dakwar", wato mun yarda. Sannan aka fara fita. Mutum biyu daga Guci, uku daga Bande, a hankali, ba sallama. Malam Usaini bai fita ba, amma ya yi tsit, an kira shi sau biyu bai ɗauka ba. Mutari ya san in dattijon nan ya danna fita, sauran 'yan Gero za su bi shi a yini ɗaya, ƙasar da ya yi shekara biyar yana lallaɓawa ta zama biron ma'aikata. Tsoro ya kama shi sosai, abinci ma ya daina yi masa daɗi.

Matarsa Gimbiya ce ta gaji da ganin tuwonta yana dawowa. Da rana ta kawo masa abinci shago, ta tarar ya tasa kaye a gaba ya zabga tagumi. Ita ba ta cikin wasan, ta ce ita mulkin gidanta ya ishe ta, amma ta san kowa a ciki ta murya.

"Baban Samira, wai mutuwa aka yi a ƙasar taku?"

Ya juya mata kayen, ya nuna mata layukan, ya ce shi dai bai ga inda ya yi kuskure ba, ga lissafi nan ƙarara. Ta bi layin da yatsa, ta tsaya.

"Waɗannan masu 'to' ɗin, ina ka kai su?"

"Cikin masu eh mana."

Ta dube shi, ta dubi kayen, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙofa. "Shekaranjiya waccan da ka ce za ka mayar da ɗakin girkina wurin ajiye tsohon kekenka, me na ce maka?"

"Kin ce to."

"Ka mayar?"

"Ban mayar ba."

"Don me?"

"Ai na ga fuskarki."

"To, fuskar wa ka gani a cikin waya?"

Mutari ya sake duban kayen. Shi da aka haifa cikin Hausa, ya yi furfura a cikinta, ya san akwai to ta yarda, akwai to ta na ji, akwai doguwar to ta mamaki, akwai gajeriyar nan mai nauyi da dattijo yake yi in an yi masa rashin kunya ya ga ba girmansa ba ne ya tanka. Duk ya san su, a kunne. Da aka kwantar da su a rubuce sai suka zama abu ɗaya, shi kuma ya kwashe su kamar gyaɗa ya zuba a buhun Abdulrazak. Da ya tuna jawabin yabon da ya yi, kunya ta rufe shi.

Washegari da sassafe ya rufe shago, ya hau kabu-kabu zuwa Yekuwa. Ruwa ya ɓata hanya, daga can sai da ya bi amalanken shanu zuwa ƙauyen Malam Usaini. Ya sami Malam Usaini a gona yana maimai, gero ya kai gwiwa, kore shar. Suka gaisa gaisuwa cikakkiya, gida da yara da damina, dattijon bai rage ko ɗaya ba, bai kuma saki hauyarsa ba.

"Ranka ya daɗe, Shugaba," in ji Mutari.

"Wane shugaba? Ai an tsige ni. Har na ji an ce ni na tsige kaina, wai tarihi ba zai manta da ni ba."

"Malam, kuskure na yi. Wallahi ba maguɗi ba ne."

"Mutanena sun ce maguɗi ne, 'yan birni sun haɗa kai. Ni na ce musu a'a, tela ba ya da wayon maguɗi, wauta ce kawai." Ya dogara da hauyar. "Kai Mutari, ka taɓa jin inda mutum ya jefa ƙuri'ar korar kansa? Shekara biyar muna magana kana ji. Rana ɗaya ka tashi ka ce mu rufe baki mu yi rubutu, ba ka tambayi kowa ba. Mu da za mu kare kanmu da baki, ka bar mu da harafi biyu. Muka ce to. Wato to, haka abin ya koma? Kai kuma ka tafa mana."

Mutari ya karɓi faɗan nan duka, don ya san ya cancance shi. Ya ce zai soke ƙuri'ar, ya dawo da bokal, kuma don kada a sake irin haka zai hana kalmar gaba ɗaya, kowa ya ce eh ko a'a.

"Kada ka soma," in ji Malam Usaini. "Ka gyara ɓarna da ɓarna ke nan. Mutum ba kullum yake yawo da eh ko a'a a aljihu ba. Wani ya ji maganar, bai gama auna ta ba. Wani ya ƙi, amma yana jin nauyin wanda ya kawo ta. Wani yadda aka tambaye shi ne bai yi masa ba. Ka ba su wurin tsayawa mana. Kayenka layi biyu gare shi, ka ƙara na uku."

Nan a bakin gona, a tsaye, suka ƙera dokar. Ƙuri'a da baki ko a rubuce, yadda mutum ya ga dama, amma mai bokal ya fara faɗin amsarsa kafin gaisuwa. A nan sai da suka yi ja-in-ja, don Malam Usaini ya ce ba tarbiyya ba ce, aka daidaita a kan sallama tukuna, sai amsa, sannan mutum ya gaida duk wanda yake so har rana ta faɗi. "To" kuma ta samu layinta. Ba eh ba ce, ba a'a ba ce. In masu to suka fi kowane ɓangare yawa, maganar ba ta nuna ba, a mayar da ita muhawara mako guda.

"Ƙudurin tsige ni kuma a sake shi," in ji dattijon. "Ba na son kujerar tausayi."

"In aka sake kuma ka faɗi fa, Malam? Za ka zauna?"

Malam Usaini ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama hauya ya ci gaba da nomansa. Mutari ya yi sallama ya kama hanya da tambayarsa.

Da ya dawo ya ɗauki bokal da kansa, abin da bai saba ba. Ya faɗi kuskurensa ba kwana-kwana, ya nemi afuwa, ya karanta sabuwar doka, ya ce wannan karon sai majalisa ta amince da ita. Aka yi masa tsiya iya tsiya. Wani daga Aljeriya ya ce a kai shi lekol ya koyi Hausa. Nas ɗin Dungass ta ba da shawarar a auna masa kunne. Ya ji daɗin tsiyar nan fiye da yabo, don rabonsa da jin gurup ɗin yana motsi haka an kwana goma sha biyu. Doka ta wuce. Ya bi waɗanda suka fita ɗaya bayan ɗaya a waya, huɗu suka dawo, ɗaya ya ce sai bayan girbi. Abdulrazak ya yi ƙorafi cewa an ƙwace masa nasara, amma mutum ne mai ƙa'ida, ya sake kawo ƙudurinsa.

Aka yi ƙuri'ar ranar Alhamis. Mutari ya saurari kowace murya sau biyu, wasu sau uku. Abin da bai zata ba, wasu 'yan Geron ma ashe maganar famfon nan tana cin su, da aka ba su baki sai suka yi sallama suka ce eh, sannan suka shiga ba Malam Usaini haƙuri na minti uku-uku. Masu to biyar. Masu a'a ashirin da biyu. Masu eh ashirin da huɗu. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa, yana fatan ya ga ya yi kuskure, bai gani ba. Ya daɗe yana kallon alƙaluman. Ya san da mutum biyu ya matsar ba wanda zai taɓa ganewa, ya kuma san in ya yi haka abin da mutanen Yekuwa suka zarge shi da shi ya tabbata. Bayan la'asar ya sanar cewa an tsige Shugaba Usaini, mulki ya koma hannun Abdulrazak, ba yabo, ba jawabi.

Daga Yekuwa shiru. Juma'a ta zo ta wuce, shiru. Mutari ya ɗinka aljihu a bai-bai ya farke, ya sake ɗinka shi a bai-bai.

Ranar Asabar da hantsi, yana cikin taka keke, waya ta yi ƙara. Bokal ne daga Malam Usaini, minti goma sha ɗaya. Mutari ya ɗage ƙafarsa, ya goge hannu a riga, ya danna.

"Salamu alaikum. Mu 'yan adawa," muryar ta fara, ana jin kukan tsuntsaye da iska a bayanta, "muna tambayar gwamnatin biro da takarda, gadar nan da ta karye tun makon jiya, da lamba ɗaya za a haye ta ko da lamba biyu?" Daga nan ya bi ministocin Abdulrazak ɗaya bayan ɗaya yana yi musu wankin babban bargo, ya waiwayo kan 'yan Geron da suka ce eh ya ce ya yafe amma ya rubuta sunayensu a ka, ya sanar da cewa nan da wata huɗu zai dawo kujerarsa ko ana so ko ba a so. Tun bai kai rabi ba amsoshi suka fara zubowa, daga Guci, daga Kano, daga Bande, waya tana ta tsalle a jikin kwalbar mai.

A ƙarshe dattijon ya yi gyaran murya. "Kai kuma tela, ka wanke kunnenka da kyau, don daga yau ba ka da sauran hutu."

Mutari ya yi dariya shi kaɗai a shago, har sai da ya share ido da guntun ƙyalle. Farin ciki ya cika shi fal. Ya ture rigar da ke kan keke gefe guda, ya gyara zama, ya sake kunna bokal ɗin daga farko.